Biya in an danna: yadda muke tallar kilishin Kawu daga Agege

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau Kawu ya amince, bayan wata biyu ina binsa da maganar. Ya ƙirga naira dubu sittin ya ajiye a kan benci, ya ce, "Ga shi nan, ɗan boko. In ta ƙare ban ga sabuwar fuska a bakin tebur ba, kada ka sake kawo mini zancen." Na sa hannu biyu na karɓa.

Kawu mahauci ne, kuma shekarunsa a Agege sun fi shekaruna a duniya. Tukubarsa ba ta da nisa da gadar Pen Cinema. Da yamma tsire da balangu, amma ribar da ta fi tsoka a kilishi take. Da asuba yake ɗauko nama daga kwatar Oko-Oba, a yanka shi falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Matsalar Legas ita ce rana ba ta ba ka wannan dama sai daga Disamba zuwa wajen Maris. Da damina ta kankama iska ta jiƙe, nama ba ya bushewa yadda ake so. Watannin nan su ne kakarmu, kuma har yau masu saye su ne dai waɗanda suka san wurin tun da. Ni kuwa na tabbata akwai wanda ke zaune a ofis a Ikeja yana kwaɗayin kilishi, bai san muna nan kusa da shi ba.

Abin da zan gwada shi ne talla a shafin binciken Google, irin wadda ba a biyan ko kwabo sai mutum ya danna ta. Zan riƙa rubuta abin da ya faru da ranarsa, musamman kalmomin sana'ar, don duk da Turanci suke zuwa, kuma dole kowane dare in mayar wa Kawu su da Hausa. In bai gane ba, ba zai yarda da lissafina ba.

Laraba, 15 ga Janairu

Na buɗe asusu a Google Ads. Na zaɓi naira a matsayin kuɗin asusun, kuma na yi a hankali a nan, domin da zarar an zaɓa ba a canzawa. Tsarin hawa-hawa ne: kamfen a sama, shi ne ke riƙe da kasafi da yankin da za a nuna tallar, a ƙarƙashinsa rukunin talla, a cikin rukunin kuma kalmomin nema da ita kanta tallar.

Bayan isha'i na yi wa Kawu bayani. Na ce, "Kawu, allon da ke saman shagon nan kuna biyan kuɗinsa ko an kalla ko ba a kalla ba. Wannan kuwa kamar yaro ne kuka tsayar a bakin titi, ba ku ba shi komai sai ya riƙo hannun mutum ya kawo shi bakin tebur."

Ya ce, "In ya kawo shi bai saya ba fa?"

Na ce, "An dai biya shi."

Ya yi shiru yana juya tsire. Can ya ce, "To ai ba dillali ba ne. Dillali sai ciniki ya faɗa yake cin la'ada. Naka ɗan rakiya ne kawai."

Na yi dariya, amma na rubuta maganar a bangon littafin. Turawan suna taƙaita sunan tsarin da haruffa uku, PPC, wato biya in an danna. Mu a shago daga yau sunansa ɗan rakiya.

Asabar, 18 ga Janairu

Kwana uku ina kan rubuta tallar. Da Turanci na rubuta, tunda galibin waɗanda nake nema ba Hausawa ba ne. Bahaushen Agege ba ya tambayar waya inda ake sayar da kilishi. Google na karɓar kanun talla har 15, kowanne bai wuce harafi 30 ba, da bayani har guda 4, kowanne bai wuce harafi 90 ba, sannan injinsu ya riƙa haɗa su yadda ya ga ya fi jan mutane. Harafi 30 ba komai ba ne. Ka rubuta sunan kaya da unguwa, wuri ya cika. Na samu kanu tara na tsaya.

Kalmar nema ita ce kalmar da kake gaya wa Google cewa duk wanda ya nemi wannan, a nuna masa tallata. Na sa guda shida, duk a kewayen kilishi da Legas da Ikeja da kai kaya gida. Sai shafin da mutum zai faɗa idan ya danna, wanda na raɗa wa suna masauki. Shafi ɗaya ne: hotuna huɗu da ƙanwata ta ɗauka, ɗan tarihin Kawu, da koren maɓalli mai kai mutum WhatsApp ɗin shago.

Kasafin yini na sa ₦2,000. Kawu ya kira shi kuɗin cefane.

Litinin, 20 ga Janairu

An duba tallar an amince, ta fara fita da misalin ƙarfe goma na safe. Zuwa magariba mutum 19 sun danna. Ba wanda ya yi magana.

Talata, 21 ga Janairu

Na iso shago na tarar da yaran Kawu uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ashe tun jiya suke neman tallar suna dannawa, wai don su taimaka ta yi farin jini. Ɗaya har yana alfahari ya danna sau bakwai. Na ce masa kowane kilik ɗin nan daga aljihun Kawu yake fita. Ido ya raina fata.

Google na da matatar da ke cire dannawar da ta ga ba ta gaskiya ba ce, kamar wadda aka yi ta maimaitawa daga waya ɗaya, kuma ba a cajin wadda aka cire. Amma ba zan jingina kuɗin tsoho da matata ba. Na kafa doka: ba mai sake nema. Shi ma Kawu ya yi ƙorafin cewa ya nema a wayarsa bai ga komai ba, yana zargin an cinye kuɗin ne kawai. Na nuna masa wurin gwaji da ke cikin asusun, inda ake ganin tallar ba tare da an ƙirga ba. Ya daɗe yana kallon sunan shagonsa a allon, bai ce komai ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gabana ya faɗi da safe: jiya an kashe ₦3,700, alhali ₦2,000 na rubuta. Na koma na karanta ƙa'idar da ya kamata in karanta tun farko. Kasafin yini matsakaici ne, ba shinge ba. A ranar da masu nema suka yi yawa ana iya kashe har ninki biyu, a rage a wata ranar, amma a wata guda ba za a caje ka fiye da kasafin yini sau 30.4 ba. Nawa ke nan ₦60,800. Ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da ke hawa a kai, wanda ban sa shi a lissafi ba sam. Ke nan dubu sittin ɗin Kawu ba za ta kai wata cur ba. Ban gaya masa ba tukuna.

Litinin, 27 ga Janairu

Mako ɗaya ya cika, kuma yau ne na fara fahimtar abin da lambobin ke faɗa.

Fitowa 4,310. Wato sau 4,310 tallar ta bayyana a allon wani. Ba mutum 4,310 ba ne, don mutum ɗaya zai iya ganinta sau uku, kuma fitowa ba ta nufin ya karanta. Da na gaya wa Kawu wannan lamba da murnata, cewa ya yi gani ba ci ba ne. A tsarin nan fitowa kyauta ce. Akwai wani tsarin daban da ake biya a kan kowace fitowa dubu, CPM suke ce masa, wanda ya fi dacewa da mai son a san sunansa kawai. Mu ba suna muke nema ba.

Dannawa 152. In ka raba dannawa da fitowa ka samu kason dannawa, abin da allon ke rubutawa CTR: namu kashi 3.5 cikin 100. An kashe ₦14,440, in ka raba da 152, kuɗin dannawa ɗaya ya kama ₦95. Shi ne CPC.

Waɗanda suka saya suka biya: biyu.

Naira 7,220 ke nan muka kashe kafin mu samu mai saye ɗaya, alhali ribar ƙunshin dubu goma ba ta wuce ₦2,500 ba bayan an cire nama da tunkuza da kayan yaji da gawayi da leda. Ko yaro ya san wannan ba kasuwa ba ce.

Na shiga rahoton da ke nuna ainihin abin da mutane suka rubuta da hannunsu kafin tallar ta fito musu, a nan na ga inda kuɗin ya zurare. Kalmar nema daban, abin da mutum ya rubuta daban, kuma tazarar da ke tsakaninsu ni na bar ta a buɗe. Akwai matan da ke neman yadda ake yin kilishi a gida. Akwai ɗalibi, ga alama, mai neman bayani a kan sinadaran da ke cikin busasshen nama don aikin makaranta. Akwai masu neman wurin cin tsire da daddare a Lekki. Akwai mai neman aiki a kamfanin sarrafa nama. Duk sun danna, duk an biya musu.

Dalili shi ne kalmar nema iri uku ake ɗaure ta, ni kuma na bar ta a kan mafi sako-sako. Don in bayyana wa Kawu sai na ari kayan kamun kifi. Na farko taru ne: ka jefa, ya kwaso duk abin da Google ke ganin yana da dangantaka da kalmarka, kifi da kwaɗo da ciyawa. Na biyu koma ce: ana sa kalmar tsakanin alamun zance, sai abin da mutum ya rubuta ya ƙunshi ma'anarta sannan tallar ta fito. Na uku fatsa: ana sa kalmar cikin baka mai kusurwa, sai wanda ya nemi abin da ma'anarsa ta zo daidai da ita, ko da ya yi kuskuren harafi ko ya sauya jerin kalmomin. Taru ba laifi ba ne ga mai kuɗi da yawa da injin da ya riga ya san irin mutanen da ke saye. Ga mai cefanen dubu biyu kuwa, ɓarna ce. Na mayar da huɗu koma, biyu fatsa.

Sannan na buɗe jerin kalmomin kora, wato waɗanda in sun fito a cikin abin da mutum ya rubuta, tallata ta ɓuya. Na zuba kalmomin Turancin da ke nufin girki, da koyo, da kyauta, da neman aiki, da aikin makaranta. Guda 23 na sa yau.

Akwai kuskure na biyu, shi ma nawa. Na zaɓi Legas, amma ban lura ba cewa zaɓin da ke nan tun asali ya haɗa da mutanen da ba sa Legas amma suna nuna sha'awarta. Sai ga dannawa daga Abuja, daga Fatakwal, har daga Landan. Na ji tausayin na Landan ɗin, don na san kewar gida ce, amma ko ya biya ba a shiga da nama Ingila daga nan. Na canza zuwa waɗanda suke cikin yankin da jikinsu kawai.

Alhamis, 30 ga Janairu

Yau Kawu ya yi tambayar da na fi jin daɗinta. Ya ce wa ke yanke cewa dannawa ₦95 ce, ba hamsin ba, ba ɗari biyu ba?

Na ce gwanjo ne. Duk lokacin da wani ya rubuta abu ya nema, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjo tsakanin masu tallar da ke son wannan kalma. Kowa ya riga ya faɗi tayinsa, wato iyakar abin da zai iya biya a kan dannawa ɗaya. Nawa ₦130 ne.

Ya ce, "To a kara wanda ya fi tayi shi ke jan sa."

Na ce a da ma haka abin yake a nan. Kamfanin da ya fara yaɗa wannan tsari a Amurka, GoTo, a 1998, jeri yake yi bisa tayi zalla, mai kuɗi a sama. Daga baya ya koma Overture, Yahoo ta saye shi a 2003. Google ta fara nata, AdWords, a shekarar 2000, a 2002 ta koma biya in an danna, amma da wani ƙari: ba tayi kaɗai take dubawa ba, har da yadda mutane ke danna tallar. Sunan Google Ads sai a 2018 aka sa.

Kafin in faɗi dalilin ƙarin, Kawu ya riga ni. Ya ce, "Ai dole. Tunda sai an danna yake ci, me zai yi da mai babban tayin da ba wanda ke kallon kayansa? Gara mai ƙaramin tayi da kayansa ke tafiya." Wallahi abin da na kwana biyu ina karantawa ke nan, ya faɗe shi yana yanka albasa.

Na zana masa tsohon lissafin da ake koya wa masu farawa, wanda bai kama duk abin da injin ke dubawa a yau ba, amma yana nuna hanya. A ce wani ya taya ₦200, ingancin tallarsa 3, in ka ninka 600. Ni na taya ₦130, inganci 7, ya ba da 910. Ni ne a gaba a layi duk da tayina bai kai nasa ba. Kuma ba ₦130 zan biya ba, sai abin da ya isa in tsere wa na bayana: 600 a raba da 7, wajen ₦86. Shi ya sa kuɗin dannawa yakan zo ƙasa da tayi. Wannan ne ya ba Kawu mamaki. Ya ce bai taɓa ganin kasuwar da za ka taya ɗari da talatin a ce maka kawo tamanin da shida ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mako na biyu: ₦13,900, masu saye uku. 

Na duba makin inganci. Lamba ce daga 1 zuwa 10 da ake ba kowace kalmar nema, an gina ta a kan abu uku: yadda ake sa ran za a danna, yadda tallar ta dace da abin da aka nema, da yadda masauki yake. Ba 7 ɗin da na yi misali da shi muke da shi ba. Babbar kalmarmu 4 take, kuma masauki ne aka nuna yana ƙasa da matsakaici. Na buɗe shi a tsohuwar wayar ɗaya daga cikin yaran, na ƙirga har goma sha ɗaya kafin hoton farko ya fito. Hotunan ƙanwata ne, ta ɗauka da cikakken nauyinsu na ɗora haka. Wa zai ƙona datarsa yana jiran hoton nama? Na rage musu nauyi, na ɗago koren maɓallin sama.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Fitowa ta ragu zuwa 1,900, kuma wannan karon raguwar daɗi ta yi mini. Dannawa 114, kashi 6 cikin 100. Kuɗin dannawa ɗaya ya hau zuwa ₦120, jimla ₦13,680. Hawan bai dame ni ba: kalmomin da masu niyyar saye ke rubutawa sun fi tsada, don kowa su yake so.

Makon jiya na sa alamar da ke ƙirga duk wanda ya taɓa koren maɓallin. Abin da mai talla ya ce a ƙirga masa a matsayin nasara, ko saye ne, ko kiran waya, ko cike fom, shi na fassara da kamu. Allon ya ce kamu 31, kashi 27 cikin 100 na masu dannawa, kuɗin kamu ɗaya ₦441. Na je wa Kawu da wannan ina washe baki.

Ya ce, "Talatin da ɗaya? Ɗauko littafin."

Littafin shago ya ce shida.

Sauran 25 ɗin na bi su ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp. Tara sun tambayi farashi, an faɗa musu, shiru. Bakwai sun amince da farashi, da suka ji kuɗin mai babur suka janye. Biyar ba su ma turo saƙo ba, sun taɓa maɓallin sun fita. Huɗu sun yi sallama da tsakar dare, ba a amsa ba sai da hantsi, lokacin sun wuce wurin. To ni ne na gaya wa injin cewa taɓa maɓalli nasara ce, shi kuma ya ƙirga abin da aka sa shi. Lissafin gaskiya ₦13,680 a raba shida: ₦2,280 a kan kowane mai saye, riba ₦2,500. Abin da ya rage ₦220, ko kuɗin ruwan leda na yaran bai kai ba.

Wannan ya sa na fasa wani abu da na yi niyya. Akwai zaɓin barin injin ya riƙa yin tayi da kansa don ya samo kamu mafi yawa. Da na kunna shi a kan wannan ƙirga, da ya duƙufa yana kawo mini masu sallama su tafi, tunda su na nuna masa a matsayin abin so. Zan ci gaba da tayi da hannuna har sai na iya ba shi lambar waɗanda suka biya.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wata baiwar Allah a Ajah ta yi odar ƙunshin dubu biyar. Mai babur ya faɗi kuɗin da ya kusa kamo kuɗin kilishin. Ba laifinsa ba ne. Duk wanda ya taɓa tashi daga Agege ya haye gadar Third Mainland ya miƙa titin Lekki zuwa Epe da yamma ya san abin da ake nufi. Ta ce a bari.

Na cire Legas gaba ɗaya, na zana da'ira a kewayen shago: Ikeja, Ogba, Iyana-Ipaja, Abule-Egba, zuwa Maryland. Tsibiri sai wata rana.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kuɗin Kawu sun ƙare jiya. Mako huɗu: ₦55,020 na dannawa, da haraji ya kama kusan ₦59,150. Masu saye 18, bakwai daga cikinsu a makon ƙarshe. Riba a kan ₦2,500 kowanne ₦45,000. Faɗuwar dubu goma sha huɗu ke nan da 'yan kai. Na rubuta a takarda, na kai masa bayan la'asar, na zauna a ƙasa ina jiran hukunci.

Ya karanta, ya ce a miƙo masa littafin shago. Ya yi ta bin sunaye da yatsa. Can ya ce, "Wannan ta Ogba sau nawa ta saya?" Na ce sau biyu. "Wannan na asibitin fa?" Shi ma biyu. Ashe biyar cikin sha takwas ɗin sun dawo, kai tsaye ta WhatsApp, ba tare da an sake biyan ɗan rakiya ba. Ribarsu ₦12,500, ni kuma ban sa ta ba saboda allon bai nuna ta ba.

Ya ce, "Kai kana ƙirga ciniki, ni ina ƙirga kwastoma. Akwai Bayaraben da ke saye a wurina tun kafin a yi gadar nan. Nawa za ka ce na same shi?"

Masu sana'ar suna da suna ga wannan ma, darajar mai saye a tsawon zamansa da kai, har da dabarun lissafa ta. Ban tsaya fassara masa ba. Ya ƙara ₦40,000, da sharaɗi biyu: a rubuta farashi ɓaro-ɓaro a masauki, kuma wayar shago ta riƙa kwana a hannun wanda zai amsa.

Na so in yi gardama a kan na farkon, don a ganina farashi zai kori mutane. Ya ce wanda farashi zai kora gara ya kore shi tun a ƙofa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na wuce inda ya ce ma: na sa farashin har a cikin kanun tallar, domin wanda dubu biyar ta yi wa yawa ya gani tun bai danna ba. A masauki kuma na jera kuɗin kai kaya unguwa-unguwa.

Dannawa 105, kowace ₦104, jimla ₦10,920. Masu taɓa maɓalli sun sauko zuwa 19. Waɗanda suka biya tara. Mai saye ɗaya ya kama ₦1,213. Makin inganci ya hau 6. A idon allon, makon nan ya fi na 10 ga wata muni, tunda kamu ya ragu daga 31. A littafin shago shi ne mafi kyau tun da muka fara.

Ɗan ƙanin Kawu ya zo yana ta zuga a koma Instagram, wai can ne kasuwa take. Wataƙila. Amma wanda ke zazzaga hotuna ba kilishi ya fito nema ba, sai an tayar masa da kwaɗayi. Wanda ya rubuta kalmar da hannunsa kuwa da yunwarsa ya zo. Da kuɗin da muke da su, na biyun zan bi tukuna.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar. Na duba rahoton sa'o'i na makonnin baya: cinikinmu ya fi faɗawa tsakanin sha ɗaya na safe da uku na rana a ranakun aiki, lokacin da ma'aikata ke zaune a ofis. Dannawar bayan sha ɗaya na dare ta ci kuɗi, ba ta kawo ko mutum ɗaya ba. Na tsara jadawali, tallar ta riƙa kwanciya ƙarfe tara na dare ta tashi bakwai na safe.

Sai dai azumi ya zo da nasa. Yaron da ke riƙe da waya barci yake bayan azahar, kuma daga biyar na yamma duk hannu na kan tukuba saboda masu buɗa baki. Na karɓi wayar da kaina daga sha biyu zuwa la'asar.

Laraba, 12 ga Maris

Wani ofis a Ikeja ya yi odar ƙunshi 20 don rabon Sallah ga ma'aikata. Na bi sawu: matar da ta kira tana cikin shidan nan na farkon Fabrairu. Dannawa ɗaya ce ta ₦120 ko kusa da haka.

Na fara wani jadawali a kwamfuta, kowane mai saye da ranar da ya fara zuwa, da ta inda ya zo, da sau nawa ya dawo. Ƙanwata ke tambayar kowa, "A ina kuka gan mu?" Rabinsu cewa suke a intanet, wanda bai gaya mini komai ba, don haka na sa maɓallin ya riƙa buɗe WhatsApp da wata gajeriyar jimla da aka riga aka rubuta, wadda ba ta fitowa sai ta wannan hanyar.

Daga cikin dubu arba'in saura ₦9,600. Jiya da yamma hadari ya haɗu ta gabas, yaran suka kwashe shanya a guje, bai dai zuba ba. Kawu ya ce abin da ke ɗaki zai kai mu bayan Sallah da mako biyu, daga nan sai dai a riƙa aiko da shi daga Kano wurin ƙaninsa, kuma kuɗin mota zai ci wajen ₦600 a ribar kowane ƙunshi. Ke nan iyakar abin da zan iya biya don samun mai saye ɗaya zai sauko, tayin ₦130 ma sai na sake duba shi. Ya kuma ce in buɗe wa dambun nama rukuninsa daban, tunda shi ba ruwansa da rana. Ban san ko mutanen Ikeja sun san sunansa da za su rubuta ba. Gobe zan duba a ma'aunin kalmomi na cikin asusun in ga ko ana nemansa.